Tambayi Bakanike: Motar Naira biliyan huɗu da rabi ta ci kuɗinta kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina sayar da kayan waya a cikin garin Gombe. Musu ne ya kaure a majalisarmu ta Jekadafari tun ranar da wani abokinmu ya nuna mana bidiyon wata mota mai suna Bugatti, ya ce kuɗinta ya kai dala miliyan uku. Wasu suka ce wauta ce da almubazzaranci, wasu suka ce ai mai kuɗi ya san abin da ya saya. Ni dai ba zan ɓoye maka ba, motar ta shiga raina. Na san ta fi ƙarfina, amma na ɗan tara kuɗi, kuma wani dillali ya nuna mini tsohuwar babbar mota mai silinda takwas, farashinta bai ma kai na Corolla ba. Baba, shin waɗancan motocin sun ci kuɗinsu? Kuma me za ka ce a kan wadda aka nuna mini? Daga ɗanka a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana, ina amsawa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. A gindin dogon yaron da ke ƙofar garejina a nan Bauchi na karanta wasiƙarka, kuma sai da na maimaita ta, domin tambaya biyu ka yi, ta biyun ce kuma ta fi damuna. Amma bari mu fara da Bugatti, tunda ita ta tayar da ƙura.

Kada ka ji kunyar cewa ta shiga ranka. Ni ma ta shiga nawa. Na haura shekara talatin hannuna a cikin baƙin mai, a kan Peugeot 504 ta Kaduna na koyi aiki, motar da ƙarfin injinta bai cika doki 100 ba. Ranar da na fara ganin hoton injin Bugatti Veyron a buɗe, na daɗe ina kallonsa kamar yadda maƙeri ke kallon takobin da gwani ya ƙera. Silinda 16, turbo huɗu masu cusa wa inji iska, lagireto goma, ƙarfin doki 1,001. A shekarar 2005 ta fito, kuma tana gudun kilomita 407 a awa ɗaya. Ma'ana, kafin ka ce "ɗaya" ta shafe tsawon filin ƙwallo har da ɗoriya.

Waɗanda suka ce wauta ce a majalisarku, ka gaya musu cewa kuɗin ba a iska aka ɗora shi ba. Abin da ke sa ta tsada shi ne iska ita kanta. Ka taɓa fitar da hannu ta tagar mota a hanyar Kumo? A gudun 60 iskar tana shafar hannunka ne kawai, a gudun 120 kuwa ture shi take yi da ƙarfi. Ƙa'idar ita ce, in kana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka yaƙi iska da shi sai ya ninku sau takwas. Shi ya sa Marsandi mai lafiya za ta iya kai 250 ba tare da wata hidima ba, amma daga nan zuwa 400 sai an tara dawakai ɗari-ɗari. Duk dokin da ka ƙara kuma zafi yake haifarwa, zafin nan sai an kashe shi, ga dalilin lagireto goma. Tayar da za ta jure wannan juyawa ba ta tarwatse ba, sai da kamfanin Michelin ya ƙera mata ita kaɗai. Galibin gangar jikinta ba ƙarfen kwano ba ne, wani zare ne na kabon da ake saƙawa kamar tabarma, a shafe da danƙo, a gasa, ya fito da ƙarfi kuma ba nauyi. In ka taka birki da gudu, fiffiken da ke bayanta miƙewa yake yi tsaye ya tare iska don ya taimaka wa birkin. Makullinta ma biyu ne. Akwai na musamman da ake sakawa a gefen kujerar direba, sai da shi motar za ta sunkuya ƙasa ta yarda ta yi iyakar gudunta.

Sannan ga lissafin yawa. Toyota ta sayar da Corolla sama da miliyan 50 tun 1966, don haka kuɗin injiniyoyi da gwaje-gwaje ya rarrabu a kan mutane masu ɗimbin yawa, kowa ya biya ɗan kaɗan. Veyron kuwa guda 450 kacal aka yi a cikin shekara goma, da hannu ake haɗa ta a wani ƙaramin gari mai suna Molsheim a Faransa. Kamfanin Volkswagen ne ya sayi sunan Bugatti a 1998, shugabansa na lokacin Ferdinand Piech shi ya kafe sai an yi motar da ta kai doki dubu kuma ta wuce kilomita 400. Masu nazarin kasuwar motoci sun ƙiyasta cewa duk da tsadarta, asara kamfanin ya riƙa tafkawa a kan kowace guda, ba ƙaramar asara ba kuwa. Suna suka saya da ita. To in ana maganar aikin da aka zuba, ba a cuci mai saye ba.

Ƙanwarta Chiron, wadda nake zaton ita kuka gani a bidiyo, ta fito a 2016 da doki 1,500, guda 500 aka ƙayyade. In muka kama dala a kan Naira 1,500 don sauƙin lissafi, dala miliyan uku ta zama Naira biliyan huɗu da rabi, tun kafin ta hau jirgi, tun kafin 'yan kwastan su yi nasu lissafin.

Yanzu ka zo mu dube ta a matsayin mota, abin hawa da zai kai ka unguwa ya dawo da kai. A nan ne nake rabuwa da masu yabonta. Kujera biyu ce. Wurin kaya ba zai ɗauki ko rabin buhun masara ba. Tankin Veyron lita 100 ne, kuma in aka sake ta da iyakar gudunta, cikin kimanin minti 12 za ta shanye shi tas. Daga Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, ka ga da ƙyar za ta wuce rabin hanya. Wannan ma in akwai hanyar ke nan. Gudun kilomita 490 da wata Chiron ta musamman ta yi a 2019, a filin gwaji na Ehra-Lessien a Jamus aka yi shi, wurin da aka shimfiɗa kwalta miƙaƙƙiya ta kusan kilomita tara, babu rami, babu akuya, babu mai mashin da zai ɓullo daga lungu, kuma gogaggen direban tsere ne a kan sitiyari. Mu a nan, dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 ba ko a babbar hanya, kuma ni da na sha zuwa janyo motocin da suka yi haɗari tsakanin Dindima da Alƙaleri, na san dalilin dokar. Man da take so mai oktan 98 ne, wato ma'aunin ingancin fetur, ba irin wanda ake sayarwa a gidajen manmu ba. Hancinta a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu na bakin ƙauye abokin gaba ne.

Sai babbar maganar, wadda nake so ka riƙe fiye da duk alƙaluman da na zayyana: kuɗin mota ba ranar saye ake biyansa ba. Juyen baƙin mai kawai a Veyron yakan kai dala 20,000, domin wuraren zubar da man 16 ne, kuma sai an kwance bayan motar kafin a kai gare su. Saitin taya huɗu ba ya kasa dala 25,000. Ba mai faci na bakin titi ne zai taɓa ta ba, ba kuma ni ba. Ko dai a ɗauko makanikin kamfani a jirgi, ko a ɗauki motar a kai masa.

In kana son ka gane wannan mota da kyau, ka zo Bauchi ranar hawan sallah ka tsaya a ƙofar fada. Ka dubi dokin hakimi: sirdi, jalala, linzami mai ado, likkafa tana walƙiya. Dokin nan ba ya noma, ba ya ɗaukar kaya zuwa kasuwar Muda Lawal. Shekara guda yana turke yana cin harawa da dusa da gero da kanwa, akwai yaron da ba shi da wani aiki sai wanka da sharar bargarsa, duk don 'yan kwanaki ƙalilan da zai fito a gan shi. Babu mai hankalin da zai ce a gwada shi da jaki a ɗaukar kaya, babu kuma wanda zai ce dokin banza ne. Bugatti, da Koenigsegg ta ƙasar Suwidin, da Pagani ta Italiya, dawakan hawa ne. Mai sayensu yana da motocin zirga-zirga a gefe. Abin da yake saya shi ne a ce a duk duniya mutum ɗari biyar ne ke da irinta, kuma yana ciki. A wurin wanda dukiyarsa ta kai ya ciyar da ita bai ji a jikinsa ba, ta ci kuɗinta, domin ta ba shi abin da ya nema.

Game da almubazzaranci, hukuncinsa fagen malamai ne, amma akwai ayar da nake yawan tunawa a gareji. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya ce domin ku hau su kuma domin ƙawa, sannan ya ce yana halittar abin da ba ku sani ba. Ka ga son abin hawa mai kyau ba baƙon abu ba ne a zuciyar ɗan Adam. Sai dai Littafin da ya faɗi haka shi ne ya yi kashedi mai tsanani a kan masu almubazzaranci a Suratul Isra'i. Ni dai a raina, da zan ga irin wannan mota a garin da mata ke layin ruwa tun asuba, sha'awar injinta ba za ta hana zuciyata yin nauyi ba. Ina girmama waɗanda suka ƙera ta. Mai sayenta kuwa, sai na san inda ya samo kuɗin da kuma abin da maƙwabtansa suka ci jiya.

To mu dawo kan taka, ɗana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Bugatti ba za ta taɓa cin ko kwabonka ba. Wannan mai silinda takwas da dillali ya nuna maka ita ce za ta iya cinye jarinka. Ka tambayi kanka, me ya sa motar da aka sayar da ita sabuwa a kan kuɗin Corolla uku ko huɗu, yau ta fi Corolla araha? Kasuwa ba ta yin kyauta. Farashinta ya faɗi, amma farashin kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa.

Shekarun baya wani matashi kamarka ya shigo mini da irinta, baƙa wul, kujerun fata, sanyin cikinta kamar na banki. Sabon kuɗin kwangila ne ya shigo masa. Na zagaya ta, na leƙa ƙarƙashi, na ga ba sifirin gare ta ba, jakunkunan iska ne ke ɗauke da ita, famfo yana hura su. Na ce masa ƙurarmu da ramukanmu ba sa barin waɗannan jakunkuna su daɗe. Ya ce Baba ai an riga an biya. Wata huɗu bai cika ba ya dawo da ita a bayan motar janwe, ta durƙusa ta gaba kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Muka nemi jakar iska a Bauchi babu, muka aika Ƙofar Ruwa a Kano, daga baya sai a Ladipo ta Legas aka samo. Aka gyara gaba, baya ya sauka. Aka gyara baya, famfon ya ƙone. Daga nan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa giya ta fara gardama, rewaya uku suka duba suka ɗaga hannu. Motar nan ta yi wata goma sha huɗu a garejina. Ƙura ta rufe ta har yarana suna rubuta sunayensu a gilashin baya, tayoyin suka sace, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Duk ranar Juma'a sai ya zo a kan mashin ɗin haya, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba na ɗan lokaci, ya rufe ya tafi. Wannan zaman nasa ya fi komai taɓa mini zuciya. Ƙarshenta 'yan yanka suka saye ta don kayan jikinta, a kan kuɗin da bai kai abin da ya kashe wajen gyara ba.

Ba na ce lallai haka taka za ta kasance ba. Amma kafin ka ba dillali ko da kafin alƙalami, ka yi abu uku. Ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda dillalin ya kawo ba, ya sa mata kwamfuta da sassafe tun injin yana sanyi. Ka shiga wurin masu sayar da kayan gyara a nan Gombe ka tambayi kuɗin famfon mai, da kayan ƙafa, da fitilar gaba guda ɗaya, ka ji ko ma akwai su a gari. Sannan ka lissafa man da silinda takwas za ta sha a wata, yanzu da aka cire tallafi tun Mayun 2023, ka ɗora shi a kan ribar shagonka. In bayan wannan lissafin kana iya ajiye kuɗin babban gyara guda ɗaya a gefe ba tare da ka taɓa jari ba, bismilla. In ba haka ba, ka sayi wadda kowane bakanike daga Tumfure zuwa Bajoga ya san cikinta, ka bar ragowar kuɗin a cikin kayan waya su ci gaba da haihuwa. Ka rubuto mini ka gaya mini yadda kuka ƙare.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce. Maigidana yana yawan cewa masu sayen motocin nan na miliyoyin daloli ba asara suke yi ba, ajiya ce kamar gwal ko fili, har ma riba ake ci. Ni kuma abin da na sani, mota da ta fita daga wurin saye darajarta ke fara raguwa. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga 'yar'uwarka a Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Barka kadai Malama, a gaishe mini da maigida. Ki ce masa yana da hujja, amma ke kika fi kusa da abin da ya shafe mu.

Hujjarsa ita ce irin su McLaren F1, motar Ingila da aka ƙera guda 106 kacal tsakanin 1992 da 1998. A 2021 an yi gwanjon guda ɗaya a Amurka a kan sama da dala miliyan 20. Ɗan wasan barkwancin nan Rowan Atkinson ya sayi tasa a 1997 a ƙasa da fam miliyan ɗaya, ya yi haɗari da ita har sau biyu, aka gyara, kuma a 2015 ya sayar da ita a kan kimanin fam miliyan takwas. Ferrari 250 GTO ta shekarun 1960, wadda 36 kawai aka yi, an sayar da ɗaya dala miliyan 48 a 2018. A 2022 kuma wata tsohuwar Marsandi ta 1955, wadda guda biyu ce tak a duniya, ta tashi a kan Yuro miliyan 135. A kan waɗannan, karin maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta tabbata.

Sai dai ki lura da abin da ya haɗa su. Ba gudu ke ba su daraja ba, ƙaranci ne da tarihi. Kuma galibi ribar ba ta zuwa sai an hana motar zama mota. A ɗaki mai na'urar sanyi ake ajiye ta, ana biyan inshora, ana kiran makanikin kamfani duk shekara ko ta taka ƙasa ko ba ta taka ba, domin kowace kilomita da ta hau agogo rage mata kuɗi take yi. Ba kuma kowa ake sayar wa ba. Kamfani irin Ferrari yakan zaɓi tsofaffin abokan cinikinsa ne ya ba su damar sayen ƙalilan ɗin nan, mai zuwa daga baya sai ya saya a hannu na biyu da ƙari. Ba duka ne kuma ke samun kasuwa ba. Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai aiki da lantarki, tana da doki sama da 1,900, an tsara yin guda 150, amma a 2024 mai kamfanin da bakinsa ya ce masu kuɗi ba sa rububin irinta.

Akwai kuma labarin da ya shafi nahiyarmu. A watan Satumban 2019 an yi gwanjon motoci 25 a ƙasar Suwizalan, waɗanda hukumomin can suka ƙwace daga hannun Teodoro Nguema Obiang Mangue, mataimakin shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini kuma ɗan shugaban ƙasar, a wani binciken kuɗi. Akwai Lamborghini da Ferrari da Koenigsegg da Bugatti a ciki, wasunsu ba su yi tafiyar kilomita 1,000 ba. An tara kimanin dala miliyan 27, aka yi yarjejeniyar a zuba kuɗin a ayyukan jin daɗin talakawan ƙasarsa. Motocin sun riƙe daraja, wannan gaskiya ne. Amma shekarun da suka yi a kulle a Turai, ko mutum ɗaya daga ƙasar da kuɗin ya fito ba su kai asibiti ba.

Motocin da ni da ke da maigida za mu iya saye, Malama, ba sa cikin wannan sahu. In kin ga wanda ya sayi mota shekara biyar da suka wuce yau ya sayar da ita da ƙari, ba motar ce ta hau ba, Naira ce ta sauka, kuma kuɗin da ya karɓa ba zai sayo masa irinta ba. Ɗan kunnen gwal ɗinki yana cikin akwati, ba ya shan mai, ba ya neman batir. Filin da ke hanyar Dass ko ta Ningi, in takardunsa sun cika, katanga kawai yake buƙata. In akwai wata mota takamaimai da maigida yake hange da wannan magana tasa, ki ce ya biyo da ita gareji ranar Asabar da safe, mu ɗaga ta mu duba ƙarƙashinta tare.